Yadda na dafa marmite dieppoise, tukunyar kifin mutanen Dieppe

Sai da na shekara uku a birnin Rouen, a yankin Normandi da ke arewacin Faransa, kafin in yarda in sa hannu a girkin kifi irin na mutanen wurin. Ni 'yar Damagaram ce, kuma kifin da na tashi na sani shi ne banda da ake kawo mana daga wajen Diffa da tafkin Chadi, sai tarwaɗa da karfasa idan an dace da ɗanye, waɗanda ake wankewa da lemun tsami, a soya su har su yi ƙarau, ko a bar su cikin miyar tattasai su daɗe a wuta har ƙarninsu ya mutu. A gidanmu ba a haɗa kifi da nono a ƙwarya ɗaya. Saboda haka ranar da wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta gayyace mu cin abincin rana, ta dire mana tukunya cike da farar miya mai kauri, yankan kifi da 'yan halittun teku masu ɓawo suna leƙowa daga cikinta, sai da na yi jim kafin in ɗauki cokali. Ta riga ta san ba ma shan giya, don haka tun kafin mu zauna ta shaida mana cewa ko ɗigo ba ta sa ba, ko da yake asalin girkin da farar giyar inabi ko giyar tuffa ake yin sa. Cokali na farko ya kawar mini da shakka, domin babu ƙarni ko kaɗan, sai ɗanɗanon teku mai sanyi da garɗin man shanu, kuma kifin yana rabuwa a baki ba tare da an tauna ba.

Sunan abincin marmite dieppoise, wato tukunyar mutanen Dieppe. Dieppe gari ne na masunta a bakin tekun da ya raba Faransa da Ingila, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Rouen, kuma a can aka haifi wannan dattijuwa, a unguwar masunta da ake kira Le Pollet, inda mahaifinta ya yi sana'ar su har ƙarfinsa ya ƙare. A girkin Faransawa, idan aka ce an yi kifi irin na Dieppe, ana nufin an haɗa shi da mul da jatan lande a cikin farar miya mai kirim. Mul wata 'yar halitta ce mai baƙin ɓawo biyu, dangin ƙumbar nan da ake tsinta a bakin kogi. Kafin in ci, na riga na san cewa a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta halittun teku halal ne, masu ɓawo da marasa ɓawo, don haka ta wannan fuskar hankalina a kwance yake.

Gwajina na farko ni kaɗai na yi shi, ban tambayi kowa ba, kuma bai yi kyau ba. Na sayi daskararren kifi da kirim mai ragaggen maiƙo, wanda aka rubuta kashi 15 cikin 100 a jikin robarsa, domin a ganina zai fi sauƙi a ciki. Na zuba kifin da jatan lande da mul gaba ɗaya a tukunya, na matsa lemun tsami, na juye kirim, na buɗe wuta na bar su suna tafasa kusan rabin awa, kamar yadda hannuna ya saba da miyar kifi ta gida. Da na buɗe murfi sai na tarar miyar ta tsinke, ruwa gefe guda, guda-gudan madara gefe guda, kifin ya dagargaje ya zama zare-zare, jatan landen kuma ya ƙanƙance ya yi tauri kamar roba. Ga gishiri ya yi yawa, alhali kaɗan na sa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kayan ba masu araha ba ne, kuma zubar da abinci abu ne mai nauyi a wurina. Washegari na ɗiba a kwano na kai wa maƙwabciyata. Ta duba, ta ɗanɗana ruwan da bakin cokali, sannan ta tambaye ni minti nawa kifin ya yi a wuta. Da na gaya mata sai ta ce, "'Yata, wannan kifin tun a minti biyar na farko ya dahu, sauran lokacin duk azaba kika ba shi." Na ce, "Madam, to ki koya mini daga farko." Ta ce sai dai in jira watan Nuwamba, kuma sai na je Dieppe da ƙafata na sayo kayan.

Dalilin jiran shi ne coquille Saint-Jacques, wata halitta mai faffaɗan ɓawo mai kama da mafici, wadda duk wanda ya taɓa ganin tambarin kamfanin mai na Shell ya san siffarta. A Faransa doka ta ƙayyade lokacin kamunta, daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Mayu, domin a bar ta ta hayayyafa a watannin zafi, kuma Dieppe na cikin manyan tashoshin da ake sauke ta a ƙasar. A watan Nuwamba garin har biki yake yi na wannan halitta da kifin da suke kira hareng. Na tafi ranar Asabar da sassafe, ranar da babbar kasuwar garin take ci, na wuce kai tsaye bakin tashar jiragen ruwa inda iyalan masunta suke baje abin da jiragensu suka kamo. Sanyi yana ratsa safar hannu, tsuntsayen teku suna ta kuka a sama, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne wurin ba ya wari irin na kasuwar kifi da na sani, ƙamshin gishiri da ciyawar ruwa kawai ke tashi.

Da takardar da dattijuwar ta rubuta mini na yi cefane, na mutum shida. Na sayi sol guda biyu, wani shimfiɗaɗɗen kifi mai idanu biyu a gefe ɗaya wanda ke kwanciya a ƙasan teku, na roƙi mai sayarwa ta feɗe su ta fitar mini da tsokar. Kowane sol tsoka huɗu yake bayarwa, dogaye sirara. Da ta ɗauki ƙayoyin da kawunan za ta jefa a bokiti sai na tsayar da ita, domin abu na farko da aka ja mini kunne a kai shi ne kada in baro su, har ma ta ƙara mini da ƙayar wani kifin kyauta. Na sayi wutsiyar lotte mai nauyin giram 600, kifin da saboda munin kansa da girman bakinsa galibi wutsiyarsa kawai ake kawowa kasuwa, amma tsokarsa fara ce mai ƙarfi, ba ta da ƙananan ƙayoyi sai guringuntsi ɗaya a tsakiya. Sai mul kilo ɗaya, da ƙananan jatan lande masu ruwan toka giram 200, waɗanda aka riga aka dafa, da Saint-Jacques guda 12 a cikin ɓawonsu, da rai. A cikin kasuwa na ƙara da man shanu, da kirim mai kauri na garin Isigny da ke Normandi, wanda maiƙonsa ba ya gaza kashi 35 cikin 100, da doguwar albasar nan mai faffaɗan lawashi da suke kira poireau guda biyu, da seleri, da ƙananan albasa, da naman kaza, da ganyen fasili, da lemun tsami.

Kirim ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan rabin kuskurena na farko yake. Abin da Faransawa suke kira crème fraîche maiƙon madara ne da aka bari ya ɗan yi tsami ya yi kauri, kuma wanda ya san kindirmo mai kyau, irin wanda ba a cire masa mai ba, zai gane danginsa da ɗanɗano ɗaya, sai dai wannan ya fi shi maiƙo nesa ba kusa ba. Yawan maiƙon shi ne yake hana shi tsinkewa idan ya gamu da zafi ko tsami. Wanda aka rage wa maiƙo ba shi da wannan kariya, da zarar ya haɗu da lemun tsami a tukunya mai tafasa sai ya guntse. A ganina duk wanda yake tsoron maiƙo gara ya rage yawan abin da zai ci, da ya sayi ragaggen kirim ya ɓata tukunya guda.

Da azahar na dawo gida, dattijuwar ta shigo da ƙyallen gabanta, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin, ta ce ita ba za ta taɓa komai ba, da baki kawai za ta yi aiki. Da romon ƙaya muka fara, wanda suke kira fumet, kuma a nan ne na gane cewa wannan romo shi ne abincin, sauran kayan duk baƙi ne da ake saukewa a cikinsa. Na cire jajayen tsokokin nan da ke ƙarƙashin kumatun kifi, waɗanda yake numfashi da su, domin suna sa ɗaci. Na sassara ƙayoyin, na jiƙa su a ruwan sanyi na kusan rabin awa ina sauya ruwan, har ya daina yin ja. Sannan na narkar da ɗan man shanu a tukunya, na zuba yankakkiyar albasa da koren lawashin poireau da sandar seleri ɗaya, na bar su suka yi laushi a kan ƙaramar wuta ba tare da sun soyu ba. Hannuna yana ta son in ƙara wuta su yi ja kamar yadda muke soya albasar miya, amma aka hana ni, domin miyar fara ake so, kuma duk abin da ya soyu zai ɓata mata launi ya kuma danne ɗanɗanon kifin. Na zuba ƙayoyin na juya su minti biyu, na ƙara ruwan sanyi lita ɗaya da rabi, da karan fasili da ɗan tayim da ganyen lore ɗaya, wani ganye mai ƙamshi da ake sawa a romo. Da ya fara zafi sai kumfa mai ruwan toka ta taso, na riƙa kwashe ta da ludayi. Daga nan minti 20 kacal aka ba shi. Na yi gardama a kan wannan, domin a wurinmu romon ƙashi daɗewarsa a wuta ita ce daɗinsa, sai ta bayyana mini cewa ƙayar kifi ba ƙashin sa ba ce, tana sakin abin da ke cikinta da wuri, idan kuma aka wuce da ita sai romon ya yi ɗaci ya yi duhu. Na tace shi a rariya ba tare da na danna ƙayoyin ba, ya fito garau, launinsa kamar na ruwan shayi marar ƙarfi.

Yayin da romon yake kan wuta na zauna buɗe Saint-Jacques, aikin da ban taɓa yi ba. Ɓawo ɗaya shimfiɗaɗɗe ne, ɗayan mai zurfi. Ana riƙe mai zurfin a tafin hannu a cikin tsumma, a zura wuƙa ta gefe, a bi da ita manne da cikin shimfiɗaɗɗen ɓawon har ta yanke tsokar da ta riƙe shi, sai ya buɗe da kansa. Ta farko da na buɗe na daɗe ina kallonta. A tsakiya ga farar tsoka mulmulalliya mai ƙyalli, tana ɗan motsi, a gefenta ga wani yanki mai ruwan lemu kamar jinjirin wata, sannan a kewaye ga wata lafaya mai geza, wadda aka jera wa ƙananan ɗigo-ɗigo masu sheƙi a bakinta. Dattijuwar ta ce idanunta ne, kuma suna da yawa ƙwarai. Na yi tasbihi a raina, na ci gaba da aiki. Ana cire baƙar jakar da ke gefe a yar, a ware farar tsokar da mai ruwan lemun, a ɗauraye su da sauri a ƙarƙashin famfo, a shanya a kan tsumma. Ba a jiƙa su, domin suna shan ruwa, su kuma amayar da shi a cikin miya. Uku na farko na yayyanka su ba daidai ba, na bar rabin tsokar manne da ɓawo, sai da na kankare, amma daga ta huɗu hannuna ya gane hanya.

Lotte kuma yana da wata siririyar fata mai santsi a ƙarƙashin ta waje, mai ɗan ruwan hoda, wadda dole a sheme ta da wuƙa gaba ɗaya, in ba haka ba da ta ji zafi sai ta tsuke ta murɗe tsokar. Na cire ta, na raba tsokar da guringuntsin, na yanka gunduwa shida. Tsokar sol guda takwas na naɗe kowace kamar tabarma, gefen da fata take a ciki, na soke da tsinke.

Mul ɗin na zuba su a ruwan sanyi na wanke, na kankare jikinsu, na fizge zaren da ke fitowa daga bakin kowane, wanda da shi yake manne wa itacen da ake kiwonsa a kai. Duk wanda ɓawonsa ya fashe na yar. Wanda na tarar a buɗe sai in ƙwanƙwasa shi a bakin kwano, idan ya rufe yana da rai, idan ya ƙi ya mutu, kuma ba a cin mataccen mul. A nan ne asalin girkin yake buƙatar giya, domin da ita ake turara su. Akwai masu cewa giya tana ƙonewa a wuta ta tafi, amma ba duka take tafiya ba, kuma ni ko da tana tafiya ba zan shigo da ita kicin ɗina ba. Abin da take kawowa a girkin ɗan tsami ne da ƙamshi, don haka muka maye gurbinta da rabin kofin romon ƙaya, da ruwan rabin lemun tsami, da ƙaramin cokali ɗaya na ruwan khal na tuffa. Na soya ƙananan albasa biyu sama-sama a man shanu, na zuba wannan haɗin, da ya tafasa na juye mul na rufe, na buɗe wuta sosai. A duk girkin nan wannan ne kaɗai wurin da aka yarda mini da babbar wuta. Bayan minti biyu na girgiza tukunyar, bayan huɗu na buɗe, sai ga su duk sun wage baki, tsokarsu mai ruwan lemu a kumbure, tururi mai ƙamshin teku ya cika kicin. Guda uku da suka ƙi buɗewa na fitar da su. Na ɓare sauran, na bar goma sha biyu a ɓawonsu saboda ado.

Ruwan da mul suka saki a gindin tukunya shi ne abu mafi daraja bayan romon, kuma shi ne ya warware mini matsalar gishirin da na yi fama da ita a gwajin farko. Ruwan teku ne da suke riƙe da shi a cikin ɓawo, gishirinsa ya isa ya ɗauki tukunya guda. Na tace shi ta cikin farin ƙyalle mai tsabta, na bar cokalin ƙarshe a tukunya saboda yashin da ya kwanta, na haɗa shi da romon ƙaya. Tun daga farko har zuwa wannan lokaci ban sa gishiri ko ƙwaya ɗaya ba, kuma ban sa dunƙulen ɗanɗano ba, abin da da a gida ne za a ce na manta da miya.

Sai aka zo dafa kifin. Na yanka farin jikin poireau da sauran seleri sirara kamar ashana, na yanka naman kaza, na dafa su a man shanu a rufe har suka yi laushi, na ajiye gefe. Na ɗora romon a faffaɗar tukunya, kuma a nan dattijuwar ta taso daga kujerarta ta tsaya a kaina. Kalmar da ta yi ta maimaitawa ita ce frémir, wadda ma'anarta makyarkyata. Ruwan ya riƙa makyarkyata kamar mai jin sanyi, fuskarsa tana rawa, ƙwayar kumfa ɗaya tana tasowa jefi-jefi, amma kada ya tafasa. Na rage wuta har sau uku kafin ta gamsu. Lotte ya fara shiga domin shi ya fi ƙarfi, ya yi minti huɗu shi kaɗai. Sannan naɗaɗɗen sol ya bi, suka yi minti uku tare. Sannan Saint-Jacques, minti biyu ba ƙari. Ina tsaye da agogo a hannu, zuciyata tana gaya mini cewa wannan kifin ɗanye ne, ba zai yiwu a ce ya dahu ba. Ta sa na ciro Saint-Jacques ɗaya na raba biyu: gefenta ya yi fari, tsakiyarta kuma tana da sauran sheƙi kamar cikin ƙumba. Ta ce haka ake so, domin zafin miya zai ƙarasa ta a kwano. Na tsame su duka da mataci a hankali, na jera a tukunyar da za a kai teburi, na ɗiga musu romo kaɗan don kada su bushe, na rufe.

Romon da ya rage yanzu ya ɗauki ɗanɗanon abu huɗu. Na ƙara masa wuta ya ƙone har ya dawo kamar lita ɗaya. A wata tukunyar na narkar da man shanu giram 40, na zuba fulawa giram 40, na juya minti biyu a ƙaramar wuta har warin ɗanyen gari ya fita amma launinsa bai sauya ba. Na riƙa zuba romon ludayi-ludayi ina burgawa, kamar yadda ake dama kunu don kada ya yi gudaji, kuma a nan hannun da ya saba da talge ya yi mini rana, domin ko ƙulli ɗaya bai fito ba. Na bar shi minti goma yana dahuwa a hankali. Sannan na zuba mafi yawan kirim ɗin, wanda jimlarsa santilita 30 ne, na rage cokali uku na kaɗa su da gwaiduwar ƙwai biyu a ɗan kwano. Wasu masu girki a Dieppe suna sa ɗan garin kori a wannan miya, da ɗan jan barkono, kuma na yi murna da jin haka. Na sa kori a bakin ƙaramin cokali, barkono kuma ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, wanda a ma'aunin gidanmu daidai yake da babu, amma ya isa ya ɗumama maƙogwaro ba tare da ya rufe ɗanɗanon Saint-Jacques ba.

Haɗa ƙwan shi ne mataki mafi haɗari. Na sauke tukunyar daga wuta, na ɗebi ludayi ɗaya na miyar mai zafi na zuba a kan gwaiduwar ina kaɗawa, domin ta saba da zafin a hankali, sannan na juye duka a tukunya ina juyawa da cokalin katako. Na mayar kan wuta mafi ƙanƙanta. Daga nan idan miyar ta tafasa ƙwan zai dahu ya zama gudaji, aikin yini guda ya lalace, don haka ban ɗaga idona daga kanta ba. Bayan kamar minti biyu na ji cokalin ya ɗan yi nauyi. Ta ce in ɗaga shi in ja yatsa a bayansa. Na ja, layin ya tsaya a buɗe, miyar ba ta gangaro ta rufe shi ba, launinta kamar hauren giwa, tana ƙyalli. Sai a lokacin na ɗanɗana, na ƙara ɗigon lemun tsami da ɗan farin masoro, gishiri kuwa ɗan kaɗan ƙwarai ya nema.

Na zare tsinkayen sol, na watsa kayan lambun da mul da ɓararren jatan lande a kan kifin, waɗannan biyun ɗumi kawai suke buƙata tunda sun riga sun dahu, na kwarara miyar a kai ta cikin rariya, na ɗora a wuta minti ɗaya, na barbaɗa yankakken fasili. Mutanen Normandi da dafaffen dankalin turawa ko burodi suke ci, ni kuma na dafa farar shinkafa a gefe domin na san maigidana ba zai ji ya ci abinci ba idan babu ita, kuma ta dace da miyar fiye da yadda na zata. Mun zauna mu shida, da dattijuwar da wasu 'yan ƙasarmu ɗalibai uku da muka gayyata. Ɗaya daga cikinsu ya nemi yaji, na ba shi, ko da yake na roƙe shi ya fara cin cokali uku tukuna, kuma bayan ukun bai buɗe robar yajin ba. Dattijuwar ta ci a hankali ba ta ce komai ba har ta kusa gamawa, sannan ta ce lotte ɗin ya so ƙarin minti ɗaya, ruwan khal ɗin kuma a rage shi zuwa rabi, domin tana jin kaifinsa a ƙarshen harshe. Na ɗanɗana na ji gaskiyarta, na rubuta a gefen takardar cefanen.

Da dare na kira mahaifiyata na ba ta labari, na ce, "Inna, yau na dafa kifi a cikin maiƙon nono, kuma minti tara kawai ya yi a wuta." Ta yi salati, ta tambaya ko lafiya muka tashi daga cinsa, na tabbatar mata lafiya lau. Ta ce idan na zo hutu in gwada mata da giwan ruwa, tunda shi ma farar tsoka gare shi mai ƙarfi, amma da sharaɗin ta tsaya a kaina ta ga dahuwarsa da idonta. Tun daga ranar nake tunanin abin da zai tsaya a madadin ruwan mul a Damagaram, kuma zuwa yanzu abin da na tsayar shi ne in ƙara yawan ƙaya da kai a romon, in jiƙa busasshen jatan lande kaɗan in tace ruwansa a ciki, kirim ɗin kuma in nemi maiƙon da ake yaɗewa daga saman madarar da ta kwana, kafin a kaɗa shi ya zama man shanu.